Dije Mai Kwalta da Matan da Suka Ɗauki Jirgi a Ka

A watan nan mahaifiyata ta cika shekara goma sha biyu da rasuwa. A garinmu 'ya ba ta kama sunan uwarta, ni ma haka aka raine ni. Inna nake ce mata tana raye, Inna nake ce mata in ina yi mata addu'a. Amma yau zan kama sunan, a jarida ma kuwa, kowa ya gani. Sunanta Hadiza, ana kiranta Dije, duk bakin ruwa kuma an fi saninta da Dije Mai Kwalta. Wanda ya ga kamar na yi rashin kunya ya daure ya karanta, sannan ya yanke mini hukunci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana, ban ɗauka a shekarun baya ba, wani allon siminti ne da aka kafa a bakin ruwan garinmu. Sai dai ba za a gane zafin da allon ya yi mini ba sai an san garin, an kuma san matar.

Tsamiyar Fito ƙaramin ƙauye ne a arewacin Kano, irin ƙasar nan da gona ke manne da gona, in ka jefa dutse sai ya faɗa a geron wani. Kakanninmu gero da gyaɗa suka sani, ruwa kuwa na rijiya da na sama. Da aka datse kogi ina ƙarama, ruwa ya taso ya haɗiye fadama da rabin gonaki, ya bar mu a wannan gaɓa, asibiti da rabin danginmu a waccan. Mutanen da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba suka wayi gari ba su da hanya sai jirgi. Wani mutumin Yawuri ya zo ya zauna damina biyu, ya koya wa mazanmu haɗa kwale-kwalen katako, ya koma gida. Mahaifina, Malam Ado, wanda a da ƙofa da akwatin aure yake yi, shi ya zama babban kafintan jirgi. Daga baya har daga nesa ake zuwa sayen jirgin garinmu.

Wannan kowa ya san shi, kowa yana faɗa. Abin da ba a faɗa shi ne katako da ƙusa kaɗai ba sa yin jirgi. Tsakanin katako da katako akwai kafa, in ba a toshe ta ba, jirgin da ya fi kowanne kyau ba zai kai tsakiyar ruwa ba. Toshiyar nan kuwa aikin mata ce tun farko. Amare da 'yan mata suna cikin gida suna gurzar auduga, su shiɓe ta, su murza ta ta koma kamar lagwani. Manyan mata su fita da ita fili, su dafa kwalta a tsohuwar garwa, su bi kowace kafa suna cusawa da bakin wuƙa, su shafe da kwalta mai zafi. Inna ce gwanarsu. Yatsunta sun yi baƙi har lalle ya daina kama su. Takan kara kunne a cikin jirgi ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Nan zai sha ruwa." In aka yi mata gardama aka tura shi, nan ɗin kuwa zai sha. Mahaifina bai taɓa sakin jirgi a ruwa ba sai ta ce to.

Ina da shekara ashirin da uku, ina koyarwa a firamaren garin, ina goyon ɗana na fari, abin ya faru. Zamanin soja ne, lokacin kaka. Wani ɗan kwangila ya zo da takarda mai hatimi, wai an ba shi bakin ruwan tun daga tsamiya har mashaya, zai yi lambu da gidan hutawa. Ya zo da leburori da turaku da waya mai ƙaya. Filin nan kuwa shi ne inda ake haɗa jirage, shi ne kaɗai wurin da gaɓa ta kwanta yadda za a iya tura jirgi ruwa. In aka kewaye shi, sana'a ta mutu, fito ya mutu. Maza suka fito suka tumɓuke turaku uku ko huɗu. Kafin la'asar aka zo da mota aka kwashe mutum bakwai, har da mahaifina.

Daga nan gari ya yi tsit. Ba na zargin mazan da suka rage, don wanda ya san zamanin ya san abin da ake tsoro. Dattawa suka ce a yi haƙuri, a bi ta hannun manya. Kwana tara ana bi ta hannun manya, waya kuwa kullum tana ƙara tsawo.

Ran kwana na goma, bayan ta idar da sallar asuba, Inna ta ɗauki mayafinta ta shiga gari gida-gida. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Tambaya ɗaya take yi wa kowace mace: ranar da naƙuda ta zo miki da gardama, ko ta zo wa 'yarki, da me za a kai ku asibiti tsallake? Babu wadda ba ta san amsar ba, don babu gidan da bai taɓa ɗaukar mai naƙuda a jirgi ba. Wasu mazan suka hana matansu, wasu suka kau da kai kamar ba su ji ba. Wani dattijo ya tare ta a ƙofar zaurensa ya ce, "Haba Dije, mace da zanga-zanga?" Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ce, "Ba zanga-zanga za mu ba, Malam. Jirgin da maigidana ya bari saura toshiya. An hana mu fili, za mu nemi inda za mu ƙarasa aikinmu."

Jirgin yana nan kife a kan duwatsu yadda mahaifina ya bar shi, sabo fil, ba a ko taɓa shi da kwalta ba. Waya ba ta riga ta rufe gefen ruwa ba, ta nan muka shiga. Masu gadi biyu suka miƙe, suka dube mu, suka koma suka zauna. Muka naɗa gammo da tsofaffin zannuwa. Inna ta tsara mu tsayi-tsayi, dogaye a tsakiya, ta yi bisimilla, jirgi ya tashi sama. Mata goma sha shida ne a ƙarƙashinsa kowane lokaci, sauran suna biye da garwa da itace da auduga da jarirai, suna jiran canji. Na miƙa wa uwar mijina goyona na shiga layi sau uku. Har yau in sanyi ya sauka wuyana yana tuna mini.

Tafiyar da mai keke ke yi cikin rabin sa'a, mu daga hantsi muka yi ta har azahar ta gota. Masu girbin gero suka ajiye lauje suna kallon jirgin ruwa yana tafe a kan tudu da ƙafafun mata. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati. A ƙauyukan hanya mata suka riƙa fito mana da ruwa da fura, wasu kuma suka ɗaura ɗamara suka shigo layi ba tare da an gayyace su ba. Da muka isa ofishin hukuma, wanda a bayansa aka kulle mazan, muka sauke jirgin a gicciye a bakin ƙofa, yadda mota ba ta shiga ba ta fita. Inna ta nemo duwatsu uku ta kafa murhu, ta ɗora garwar kwalta. Kafin a jima hayaƙi ya fara shiga ta tagogi.

Wani babban ma'aikaci ya fito da hankici a hanci, ya tsaya a kanmu yana tambayar wace ce shugabarmu. Muka ci gaba da aikinmu. Ya sake tambaya da tsawa. Inna tana tsugune tana cusa auduga, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Ranka ya daɗe, matsa baya kaɗan. Kwalta ba ta san babban mutum ba."

Masu kaki sun zo. Sun yi barazana, sun harba ƙasa da takalmi, ɗaya daga cikinsu ya ture garwar, kwalta ta fallatsa a hannun Inna daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Na ga fatar ta tashi. Ta runtse ido, ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure, ta ce a sake ɗora wata. Tabon ya bi ta har kabari. Babbansu ya dubi mata sa'o'in uwarsa da masu shayarwa a zazzaune a gindin jirgi, ya rasa ta inda zai fara, ya janye yaransa gefe. Kwana uku muka yi a wurin. Nan muke dafawa, nan muke sallah, nan aka toshe jirgin kaf daga goshi har wutsiya.

A rana ta uku aka aiko cewa za a saurare mu, amma sai mun kawo koke a rubuce. Ni kaɗai ce mai boko a cikinmu, don haka aka ba ni takarda. Na rubuta abin da Inna ta shifta mini, na zo ƙasa zan jera sunaye, sai akawun ya dafa takardar. Ya ce, "Malama, ina mazanku? Takarda irin wannan ba ta tafiya sama da sunan mata. Za a ɗauka wasa ne." Na waiwaya na dubi Inna. Ta ce, "Rubuta nasu, Rabi. Su ake so a buɗe wa ƙofa. Mu namu kullen ai ba wanda ya taɓa rubuta takarda a kansa." Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Na rubuta sunayen maza bakwai da kyakkyawan rubutuna na malamar makaranta. Aka fito da su suka dangwala yatsa a gaban sunayensu.

Da yammacin ranar aka sake su. Ɗan kwangila ya riƙe saman tudu ya yi lambunsa, amma an ja waya baya, filin jirage da mashaya suka dawo hannun gari. Da aka ce mu ɗauke jirginmu, Inna ta ce kawowa ce tamu, mayarwa tasu, sai da suka nemo babbar mota. Mahaifina ba mai yawan magana ba ne. Ya zagaya jirgin sau biyu yana shafa kafofin da babban yatsa, ya dubi hannun Inna da ke ɗaure, ya ce, "Toshiyar nan ta fi ta kullum kyau." Iyakar godiyar da na ji ke nan, kuma na ga ta ishe ta a ranar.

To amma baki yana mutuwa, takarda ba ta mutuwa. Shekaru suka wuce, masu shaida suka riƙa raguwa, takardata kuwa tana nan a fayil. Wata rana, Inna ta riga ta tsufa, muna zaune a tsakar gida ana wani shirin tarihin garuruwa a rediyo, sai muka ji an zo kan garinmu. Mai shirin ya karanto sunayen nan bakwai, ya ce su ne suka jagoranci jama'a suka ceci bakin ruwa. Mata ko a tari ba a ambace su ba. Inna ta miƙa hannun nan mai tabo ta kashe rediyon, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Sai a ciwon ajalinta, ina ba ta kunu, ta riƙe cokalin ta ce, "Takardar nan da kika rubuta, ki gyara ta." Na ce to, Inna.

Shekara goma sha biyu ke nan da wannan to ɗin. Ba ni da uzurin da zan kawo. Na ce sai na yi ritaya, na yi. Na ce sai na aurar da autata, na aurar. Gaskiyar ita ce na ji nauyin a ce Malama Rabi ta tsufa tana jayayya da matattu, cikinsu har da ubanta. Shiru ma magana ce, kuma nawa shirun ya faɗi ƙarya tsawon shekarun nan.

Bana ƙungiyar ci gaban garinmu ta yi abin kirki, ba zan hana ta yabonta ba. Sana'ar jirgin katako tana gab da ƙarewa. Kafintoci biyu suka rage, samari sun tafi Bacirawa da cikin birni suna tuƙa adaidaita, jiragen roba masu inji sun karɓe fito. Sai ƙungiya ta gina rumfa a bakin mashaya, ta jawo tsohon jirgin nan daga inda ya daɗe yana ruɓewa ta ɗora shi a kan dakali, don 'yan baya su san abin da garin ya taɓa yi. Ɗalibai har sun fara zuwa daga Kano suna ɗaukar hoto da waya. A gefen rumfar aka kafa allon siminti. Ɗan baffana, Alhaji Sule, shi ne shugaban ƙungiyar, shi ya aiko mini da katin gayyata.

Ranar buɗewa an kafa rumfuna, an jera kujerun roba. Maza suna gaba, mata suna can baya wajen tukwanen shinkafa. Aka yaye ƙyallen da ke kan allon, mai gabatarwa ya karanta da lasifika: gwaraza bakwai da suka ɗauki wannan jirgi a kafaɗunsu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa kujeru na je gaba na nemi a ba ni abin magana, aka ce lokaci ya ƙure. Shekara talatin da biyar na yi ina magana da aji cike da yara babu lasifika, don haka ban damu ba.

Cikin bakwai ɗin mutum ɗaya ya rage a duniya, Baba Iro, an zaunar da shi a kujerar gaba da sabuwar babbar riga. Na durƙusa a gabansa na gaishe shi, na ɗaga murya yadda na baya za su ji, na ce, "Baba, don girman Allah, ranar da aka ɗauki jirgin nan kana ina?"

Ya ce, "Ina ɗaki a kulle, 'yata, ni da babanki. Ƙaurin kwalta muka ji ta taga, babanki ya ce wannan dahuwar Dije ce. Mu ko filafili ba mu ɗauka ba."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa, Baba?"

Ya ce, "Ba a tambaye ni ba." Ya sunkuyar da kai. "Kuma yabo da daɗi."

Sai can baya wajen tukwane wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ban taɓa ganin girman Baba Iro kamar ranar ba. Kuma kada a fahimce ni a karkace: mazan nan sun sha wuya, an doke su, mahaifina bai ƙara ji da kunnensa na hagu ba har ya mutu. Sunansu ya cancanci allo. Abin da ban yarda ba shi ne a ɗora musu kayan da ba su ɗauka ba, a sauke shi daga kan waɗanda suka ɗauka.

Bayan an watse Alhaji Sule ya same ni, ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, kin kunyata mu gaban baƙi. Ba ƙin su muka yi ba. Takarda muka bi, kuma rubutun hannunki ne. Ban da haka, sunan matan aure a bakin hanya, kowane ɗan acaɓa yana karantawa?" Na ce masa, "Sule, da suka zauna kwana uku a bakin titi kowa yana kallonsu, ba wanda ya ce mutuncinsu ya zube, don a ranar ana bukatarsu. Sunayen matan Ma'aiki a kan mumbari ake faɗarsu. Ko ka fi liman sanin mutunci ne?" Amma maganarsa ta farko ta soke ni, don gaskiya ce. Rubutun hannuna ne. An ce an kafa kwamiti ya duba lamarin, wata biyar ke nan. Mun san inda ake kai magana in ana so ta yi barci.

Ni kuwa ban yi barci ba. Na sayi sabon littafi na shiga gari gida-gida, ina bin tsofaffin da suka rage ina tambayar su wa da wa suka tuna. A nan na gane girman ɓarnar. Mun fi hamsin ranar, amma sunaye talatin da ɗaya kawai na samu. Sauran an san fuskarsu, an san gidan da suka yi aure, ba a san sunansu ba. Amaryar gidan Tanko. Uwar su Lawan. Ta gidan mai gishiri. Wani magidanci mai furfura ya zauna yana tunani ya fi minti goma, ya kasa kawo sunan yankan matar da ta haife shi. Ya yi kuka, ni ma na yi. Kunyar da muka ɗauka girmamawa ce, ashe wani lokaci kabari ne na biyu.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga garin yau. Na san ba za ta yi kukan jiragen katako ba. Ba mai riƙe tsohon abu don tsufansa ba ce. Da ta ga jirgin inji ya tsallake da mai naƙuda kafin a gama shafa fatiha, cewa za ta yi madalla, ta tambayi ko akwai mai a ciki kullum. Jirgin da ke kan dakali kuwa, ina jin za ta ƙwanƙwasa shi ta ce an bar shi ya bushe, ta yi wa Sule faɗa. Allon ma, da don kanta ne, ba na jin zai hana ta cin tuwo. Macen da ta ce in rubuta sunan wasu ba mai neman kirari ba ce.

To me ya sa ta ce in gyara takardar? Na daɗe ina juya wannan. Abin da na gane shi ne ranar da ta kashe rediyon akwai jikokinta mata uku a zaune a tabarmar. Sun ji an ce maza ne suka fita. Yarinyar da aka gaya wa cewa kakanninta suna ɗaki lokacin da gari ya shiga uku, ita ma ɗaki za ta shiga in nata lokacin ya zo, tana ganin gado ta bi. Wanda ya ɓoye wa mutum tarihinsa ya rage masa ƙarfi. Inna ta ba da sunanta aro ne don a buɗe ƙofa, ba kyauta ta bayar ba. Ƙofa ta buɗe tun kusan shekara arba'in, ba a mayar da aron ba.

Idan aka auna abin da ta bari da ma'aunin mutane, kaɗan ne. Ba ta je Makka ba, ba ta bar gida na kanta ba, hotonta ɗaya ne a duniya kuma ta kau da kai a cikinsa. Sana'ar da ta ƙware a kai ta kusa zama labari. Amma filin yana nan, babu waya mai ƙaya, kuma duk wanda ya tura jirgi ruwa a mashayar nan, na roba ne ko na katako, a kan ƙasar da ta ƙwato yake tsaye.

Akwai kuma wani abu da ban zata ba. Bara aka ce za a ɗauke ma'aikaciyar jinya ɗaya tilo da ke ƙaramin asibitin da aka gina mana daga baya. Matasan mata suka taru a gidan suna ana ta mita, sai wata amarya, Zainab, wadda ba ta fi shekara ashirin ba, ta ce, "To, ko dai mu ɗauki jirgi ne?" Maganar ta fita daga gidan ta kai inda za ta kai. Kwana biyu kansila ya zo da kansa, ma'aikaciyar kuma tana nan har yau. Na kira Zainab na tambaye ta inda ta samo wannan magana. Ta ce, "Haka dai ake cewa, Malama, in mata za su tashi tsaye." Ta ɗauka karin magana ne irin na kaka da kakanni. Ba ta san jirgin na gaske ne ba, ba ta san yana da nauyi ba, ba ta san kakarta ta wajen uba tana layi na biyu a hannun dama ba. Na zaunar da ita na gaya mata. Da na gama ta ce in maimaita mata sunan kakar, ta rubuta a wayarta.

Saboda haka ga sanarwata ga kwamiti. Na riga na yi magana da magini. Filin na gari ne, ni ma 'yar gari ce. Bayan babbar sallah, ko kwamiti ya farka ko bai farka ba, allo na biyu zai tsaya kusa da na farko, tsayinsu ɗaya. Ba zan taɓa na maza ba, sunan ubana yana ciki. A kan namu za a rubuta Hadiza, Dije Mai Kwalta. Za a rubuta Gambo mai koko, wadda ta ciyar da mu kwana uku. Za a rubuta Uwani, wadda ta shiga layi da cikin wata bakwai aka fitar da ita ta koma. Za a rubuta Hansai da Tabawa da Ladi 'yar Ɗanbatta, da Kande, da Yalwa, da Delu, da sauran har talatin da ɗaya. Waɗanda ba a samu sunansu ba za a bar musu layi a buɗe.

Cikin waɗannan akwai wata baƙuwa da ta zo biki daga wajen Tsanyawa. Tana tsaye a bakin hanya da adonta ta ga muna wucewa, ba ta san kowa a cikinmu ba, ba ta tambayi me ya faru ba. Ta cire gyalenta ta naɗa gammo, ta karɓi wata tsohuwa da ƙafarta ke rawa, ta kai jirgin har ƙofar ofis, ta sha ruwa ta juya. Ba mu sake ganinta ba. In akwai wanda uwarsa ko kakarsa ta taɓa ba shi labarin ranar da ta ɗauki jirgin ruwa a kan tudu, ya zo Tsamiyar Fito ya tambayi gidan Malama Rabi. Layinta yana nan, kuma ba zan cike shi da sunan mijin kowa ba.

Allah Ya yalwata kabarin Inna, Ya jiƙan waɗanda suka ɗauka tare da ita. Shi Ya san sunan kowacce. Mu ne ke da sauran aiki.